Giram huɗu tsakanina da faifan yumɓu

Ranar da takardar izinin mallakar bindiga ta iso mini ta gidan waya, ko abincin rana ban tsaya ci ba. Na ɗauki mota na nufi shagon bindigogin da ke bayan gari, inda tun wata biyu da suka wuce na ajiye kafin alƙalami a kan wata bindiga ta hannu, ƙirar Italiya, mai bututu biyu ɗaya a kan ɗaya. Mai shagon ya karɓi takardar, ya dubi hotona ya dube ni, ya rubuta lambar bindigar a ciki. Daga nan ya juya ga bangon da ke bayansa ya ce, "To, wane harsashi za a ba ka?"

Bangon nan daga ƙasa har rufi kwalaye ne, ja da shuɗi da baƙi da ruwan zinare, kowanne da lambobi a jikinsa. Na ce masa na harbin faifai nake so. Ya ce ai rabin bangon duk na faifai ne. Giram nawa? Ƙwaya lamba nawa? Matoshin roba ko na kwali? Ko ɗaya daga cikin tambayoyin nan uku ban san amsarsa ba, kuma akwai mutane biyu a bayana suna jira. Sai na ce ya ba ni mafi kyau. Ya ɗan yi jim kamar zai yi magana, sannan ya sauko mini da katan guda, kwali goma ke nan, kowane kwali da harsashi 25, na masu gasa: giram 28, ƙwaya lamba 7½, matoshin roba, da rubutun gudu mai yawa a gefe. Na biya, na rungumi kayana mai nauyin kusan kilo 10, na fito ina ganin na gama da wannan babi.

Aikin haɗa magunguna ne ya kawo ni arewacin Ingila, kuma wani abokin aikina ne ya fara kai ni filin harbi wata Lahadi. A nan ƙasar doka ta yarda wanda ba shi da takarda ya yi harbin faifai a filin da 'yan sanda suka amince da shi, da bindigar filin, mai koyarwa yana tsaye a kafaɗarsa. Abin da ake harbin suna kiransa tattabarar yumɓu, ko da yake ba tattabara ba ne, ba kuma yumɓu ba ne. Faifai ne na garin farar ƙasa da aka cuɗa da wani abu mai kama da kwalta, faɗinsa milimita 110, nauyinsa kamar giram 105, galibi ruwan lemo ko baƙi. Sunan ya samo asali ne daga zamanin da ake saka tattabaru masu rai a akwati, a ja igiya su tashi a harbe su. An hana wannan a Birtaniya a 1921, amma har gobe idan ka shirya, kalmar da za ka furta a cilla maka faifai ita ce ta Turanci mai nufin "ja". Wata takwas na yi ina zuwa a haka. Mai koyarwata, wani dattijo tsohon manomi mai hannu kamar faranti, shi ke zaro harsashi daga aljihun rigarsa ya sa mini a tafin hannu. Ban taɓa ganin kwalin ba, ban kuma taɓa tambaya ba. A lokacin hankalina yana kan neman takarda: wasiƙar likita, masu tsaya mini, akwatin ƙarfe da aka ɗaure da bango, da jami'in da ya zo gida ya girgiza akwatin ya zauna muka yi hira ta kusan awa guda.

Lahadin farko da bindigata da harsashina na shiga zagayen faifai 100. Rumfa goma ce a cikin daji da gefen tudu, kowace rumfa faifai goma, bibbiyu. Wani ya gilma ta gabanka, wani ya taso daga bayan itatuwa ya bi ta kanka, wani kuma ya gangaro a ƙasa yana tsalle, shi ne suke kira zomo. Harbi ashirin na farko na ji daɗinsu, don idan ƙwayar ta sami faifai sai ya zama hayaƙi. Kafin in kai na sittin kafaɗata ta fara zafi, kuncina na dama inda nake ɗora shi a gindin bindiga ya yi tsami, ga wani ciwon kai a bayan ido. Da na dawo gida na cire riga, matata ta ga wurin ya kumbura ya yi duhu, ta ce, "Abban yara, wannan wane irin wasa ne da za a dawo da kai kamar wanda jaki ya harba?" Na ce mata sabuwar bindiga ce, zan saba.

Ban saba ba. A da nakan fasa hamsin da wani abu cikin ɗari, sai na gangaro arba'in da ɗoriya, na tsaya a nan mako shida. Na je aka duba mini ido. Na sauya zoben matsi, wato ɗan bututun da ake murzawa a bakin bindiga don ya matse ƙwaya ko ya sake ta, na sa mai matsi na cire na sa mai sako-sako. Harsashin kam ban taɓa zarginsa ba, tunda shi ne mafi tsada a shagon.

Da abin ya ishe ni na koma wurin dattijon na biya kuɗin darasi. Ya kalle ni na yi harbi shida bai ce komai ba. Sai ya ce in juya baya, zai ɗura mini bindigar da kansa. Ya miƙo mini ita a rufe, na ɗora a kafaɗa, na kira faifai, na bi shi, na ja kunama. Ƙas! Babu ƙara, domin harsashin wofi ya sa, irin wanda ake gwada allurar bindiga da shi. Amma da idona na ga bakin bindigar ya nutsa ƙasa kusan taki guda, na ji kafaɗata ta yi gaba, idanuna kuma sun rufe. Jikina ya riga ya koyi tsoron shurin bindigar, yana tare shi tun kafin ya zo. Dattijon ya miƙa hannu ya ce, "Nuna mini abin da kake harbawa." Ya juya kwalin a hannunsa, sannan ya gaya mini cewa duk watannin nan takwas giram 21 yake ba ni.

Muka zauna a kan benci a bayan rumfa, ya fito da wani harsashi da aka tsaga gefensa don koyarwa, babu albarushi na gaske a ciki. A gindi akwai ɗan makunni da allura ke duka. A kansa albarushi, ɗan kaɗan ne, bai kai giram biyu ba. A kan albarushi matoshi, a kan matoshi ƙwayoyin dalma, sannan an naɗe bakin kwanson ya yi kamar tauraro. Ina ganin haka sai Kawuna ya faɗo mini a rai, ƙanen mahaifiyata da ke farauta da bindigar toka muna yara. Shi ma haka yake jerawa: ya auna albarushi ya zuba, ya cusa tsumma ya danna da sanda, ya zuba ƙwaya, ya sake toshewa. Kuma na tuna yana cewa wanda ya cika wa bindiga ciki, kafaɗarsa ce za ta biya. Harsashin da ke hannuna aikin Kawu ne aka ƙulle a kwanso ɗaya, sai dai ni awon da Kawu ke yi da idonsa na bar wa mai shago.

Lissafin da dattijon ya yi mini a bayan wani kwali mai sauƙi ne. Abin da ya fita gaba, kwatankwacinsa ke dawowa baya. Idan nauyin ƙwaya ya ƙaru, ko gudunta ya ƙaru, shuri ya ƙaru. Daga giram 28 zuwa 24 giram huɗu ne kacal, amma idan gudun ɗaya ne, ƙarfin dukan da kafaɗa ke sha yakan ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Sau ɗari kake shan wannan duka a zagaye guda. Na ce masa ai rage nauyi rage ƙwaya ne, rage ƙwaya kuwa rage damar samun faifai ne. Ya ce in duba lamba. A awon Ingila, ƙwaya lamba 7½ faɗinta milimita 2.3, kuma giram 28 na ɗauke da kusan 400. Lamba 8 milimita 2.2 ce, giram 24 nata na ɗauke da kusan 380. Lamba 9 milimita 2.0 ce, ita kuwa a giram 28 ta haura 550. Lamba na hawa ƙwaya na ƙanƙancewa. Ashe idan na sauka zuwa giram 24 na koma lamba 8, ƙwaya ashirin kawai na rasa cikin ɗari huɗu. Abin da ƙaramar ƙwaya ke rasawa shi ne ƙarfi a nesa, don iska na saurin cinye gudunta. Shi ya sa masu harbin faifan kusa, wanda ke gilmawa a yadi ashirin, suke son lamba 9, masu harbin wanda ke gudu yana nisa da su kuma suke riƙe da 7½.

Abin da ya ƙarasa karya mini gardama shi ne dokar gasa. Ƙungiyar harbin faifai ta Ingila, CPSA, wadda aka kafa a 1928 kuma ofishinta ke Bisley, ba ta yarda a wuce giram 28 a gasanninta ba, ƙwaya kuma tsakanin milimita 2.0 da 2.6. A gasar Olamfik kuwa giram 24 ne iyaka, ga shi faifan da ake cillawa daga rami a can yana tafiyar mita 76 kafin ya faɗi. Idan gwanayen duniya da giram 24 suke farfasa irin wannan, me ni nake nema da 28 a faifan da ke shawagi a kan itacen da ke gabana?

Gudu ma na tambaye shi, tunda shi ne aka rubuta da manyan baƙaƙe a kwalina. Yawancin harsasan faifai suna fita bakin bindiga da gudun mita 400 zuwa 450 a daƙiƙa. Ƙwaya ƙwallo ce ƙarama, kuma gwargwadon saurinta gwargwadon yadda iska ke tare ta, saboda haka ratar da ke tsakanin mai sauri da mai matsakaicin gudu a bakin bindiga takan tsuke sosai kafin a kai yadi arba'in. Abin da zai canja a tazarar da kake ba faifai a gaba 'yan inci ne. Ni kuwa kuskurena na ƙafa biyu ne ko uku, kuma kusan kullum a bayan faifan nake harbi. Dogon gindin ƙarfe mai ƙyalli da ke sa harsashi ya yi kama da na manya shi ma bai ƙara komai a harbin. Kalar tagulla ce kawai aka shafa wa ƙarfe, shi ya sa ma'aikatan fili ke tsince kwansuna da sanda mai maganaɗisu. Abin da kuɗin mai tsada ke saya na gaske shi ne ƙwaya mai tauri, wadda aka ƙara wa dalmarta sinadarin antimoni don kada ta lanƙwashe lokacin fita, da kuma daidaito daga harsashi zuwa harsashi. Wannan yana da amfani ga wanda faifai ɗaya ke raba shi da kofi.

Kafin mu tashi ya sa na ɓalle bindigar na cire bututun, ya nuna mini tambarin da ke ƙasansa. Akwai 12 da 70 a rubuce. Sha biyun awon faɗin bututu ne, tsohon lissafi: a raba laba ɗaya ta dalma gida 12 a mulmula kowanne, faɗin ƙwallo ɗaya shi ne faɗin bututun, kamar milimita 18.5. Saba'in ɗin kuma tsawon ɗakin da harsashi ke kwanciya ne, kuma ana auna shi da tsawon kwanso bayan an harba, bakinsa ya buɗe. Wurin da mutane ke ruɗewa ke nan. Tsofaffin bindigogin Ingila da yawa ɗakinsu milimita 65 ne, harsashi mai 70 kuma zai shiga cikinsu lafiya lau tunda bakinsa a naɗe yake, amma idan ya tashi buɗewa babu wuri, sai matsin ya yi yawa. Gajere a dogon ɗaki babu laifi. Dogo a gajeren ɗaki ne ba a yi. Ya ce kafin giram, kafin lamba, kafin farashi, wannan ake fara dubawa.

Tambayar matoshi kuwa a wani fili daban na koyi amsarta. Wata Asabar muka tafi harbin da ake shiryawa a gonar wani makiyayi, tafiyar awa ɗaya da rabi, ina ɗauke da ragowar katan ɗina. Matar da ke rubuta sunaye ta ce in nuna kwali, ta duba ta ce a nan sai harsashi mai matoshin kwali. Ta nuna mini tumaki a gangaren da ƙwaya ke sauka. Matoshin roba kamar ɗan kofi yake mai fiffike, yana rungume ƙwaya har ta fita bututu, sannan ya faɗi a ciyawa ya zauna shekara da shekaru, dabba kuma tana iya haɗiye shi. Na kwali zare ne da aka danne, ruwan sama na dukansa yake ruɓewa. Ban ji haushinta ba ko kaɗan. Na taso a inda leda ke kashe awaki, na san abin da ake fitarwa daga tumbin akuya ranar yanka. Na sayi kwali huɗu a wurinsu na yi harbina, kuma tun a hanyar dawowa na yanke cewa ko a filin da ya yarda da roba, na kwali zan riƙa harbawa. Yana ɗan fi tsada, yana kuma barin datti a bututu fiye da na roba, sai ka ƙara minti biyar wurin goge bindiga.

Saura in gani da idona, don ana cewa na roba ya fi tara ƙwaya wuri ɗaya. Na sayi kwali ɗaiɗai na iri biyar. Ingila tana da masu yin harsashi nata, Eley a yankin Birmingham, Gamebore da Hull Cartridge a garin Hull, Lyalvale Express kusa da Lichfield, ga kuma na Italiya irin su Fiocchi a kowane shago, saboda haka zaɓi bai yi wuya ba. Na sami naɗin takarda mai faɗi, na nemi izinin masu fili, muka kafa katako a wurin gwaji da sassafe kafin jama'a su zo. Ƙa'idar ita ce ka tsaya a yadi 40, ka harbi tsakiyar takarda, sannan ka zana da'ira mai faɗin inci 30 a inda ƙwaya ta fi taruwa, ka ƙirga ramukan da ke ciki. Zoben matsin da ake kira rabi ana sa ran ya zuba kashi 60 cikin ɗari na ƙwayar a da'irar. Kowane iri na harba shi sau biyar, takarda 25 ke nan, na rubuta sunan kowanne a kusurwa, na naɗe na kai gida.

Daren nan a kan tabarmar falo muka baje su, ni da ɗana na fari. Shi yana ɗiga jan alƙalami a kowane rami yana ƙirgawa da ƙarfi, ni ina rubutawa. Mai tsadar nan na giram 28 ya zuba tsakanin 245 da 270 a da'ira. Na giram 24 lamba 8 mai matoshin kwali ya zuba tsakanin 205 da 235. Na giram 21 ya tsaya wajen 190. To, mai tsada ya fi yawa, wannan gaskiya ne. Amma na lura da abu biyu. Na farko, harsashi biyu daga kwali ɗaya sukan bambanta da juna da ƙwaya ashirin ko talatin, kusan yadda kamfani da kamfani suka bambanta a nauyi ɗaya. Na biyu ya fito ne da yaron ya ɗauko faifai guda da na taɓa tsintowa a fili, ya riƙa zamar da shi a kan takarda yana neman gurbin da zai shige ba tare da ya taɓa jan ɗigo ba. A kwance, da faɗinsa duka, da ƙyar ya sami gurbi a tsakiyar kowace takarda. Da ya juya shi ta gefe, yadda faifai ke nuna maka kaurinsa na milimita 25 idan yana gilmawa, sai gurabe suka bayyana a na giram 21, kaɗan a na 24, har a mai tsadar ma akwai ɗaya ko biyu a bakin da'ira. Faifan da yake wasa da shi ma akwai rami biyu a jikinsa, ƙwaya ta huda shi ta wuce bai fashe ba, shi ya sa masu harbi kan ce sai ƙwaya uku ta same shi kake da tabbas.

Mako na gaba na maimaita gwajin a yadi 25, wanda shi ne nisan yawancin faifan da nake harbi. A nan duka biyar ɗin sun yi wa takardar kaca-kaca, babu inda faifai zai bi ta kwance ko ta gefe. Gani ya kori ji.

A cikin gwajin ne kuma na gano wani abu da ba wanda ya gaya mini. Kwalin Italiya an rubuta 7½, amma ramukansa sun fi na 7½ ɗin Ingila girma, kuma sun fi su ƙaranci. Na duba gefen kwalin da kyau, sai ga milimita 2.4, wanda a awon Ingila lamba 7 ce. Na Amurka ma haka 7½ ɗinsu yake. Tun daga ranar milimita nake karantawa, lambar kuma in bar ta a matsayin suna.

Na tsaya a kan giram 24, milimita 2.2, matoshin kwali, matsakaicin gudu, daga layin masu araha na wani kamfanin Ingila. Na sayi dubu guda, don farashin dubu ya fi na katan sauƙi, kuma don in daina tsayawa a gaban bangon nan ina saƙe-saƙe. A aljihun hagu nakan ajiye 'yan ƙwarori masu milimita 2.3 saboda faifan da ke fitowa daga dogon hasumiya da kuma zomo, wanda gefensa ya fi kauri. Zabura ba ta bar ni a rana ɗaya ba. Wata biyu na yi ina harba giram 21 zalla bisa shawarar dattijon, har jikina ya yarda cewa bindigar ba za ta cuce shi ba, sannan na hau 24. Sannu a hankali na koma hamsin, na wuce sittin, ranar da iska ta kwanta nakan taɓa saba'in. Abin da ya fi lambar daɗi shi ne ina gama ɗari in ji zan iya ƙara hamsin.

Abu biyu suka faru daga baya da suka shafi ajiya, kuma duka biyun ina ɗaukarsu da nauyi. Cikin hunturu na bar kwali biyu a but ɗin mota kusan wata guda, sanyi da laima suna shigarsu. A rumfa ta uku na ja kunama sai na ji "fus", ƙara maras ƙarfi, babu shuri. Hannuna ya riga ya nufi aljihu zai ɗauko wani, sai na tuna abin da aka nanata mini tun ranar farko: ƙarar da ba ka saba ji ba, tsaya. Na buɗe bindigar, na cire kwanson, na ɗaga bututun sama na leƙa. Na ƙasa haske fes, na sama duhu. Matoshi ne ya maƙale a tsakiya. Da na ɗura wani na harba a kansa, bututun na iya kumbura ko ya tsage dab da hannuna na hagu. Da sandar goge bindiga muka turo shi. Yanzu harsashina a cikin gida yake kwana, a busasshen wuri, a kulle, nesa da akwatin bindiga, kuma duk lokacin da zan ɗura sai na leƙa bututu biyun.

Na biyun shi ne da yaron ya kai shekara 14 ya fara zuwa tare da ni, aka ba shi bindigar fili mai awo 20, wadda ta fi tawa siranta. Harsashin awo 20 idan ya shiga bututun awo 12 ba ya tsayawa a baki, zamewa yake ya maƙale a ciki inda ido ba ya gani, har mutum ya ɗauka bai ɗura ba ya sa na 12 a bayansa. Wannan yana fasa bindiga, kuma an sha yin asarar yatsu da ido ta haka. Shi ya sa yawancin kamfanoni ke yin na awo 20 ruwan ɗorawa. Na gaya masa, "Kai, ko ɗaya naka kada ya shiga aljihuna, ko ka ga hannuna a cike ne." Jakarsa daban, tawa daban, kuma kafin mu shiga mota kowa sai ya zazzage aljihunsa a kan but.

Yanzu wata tambayar ta taso. A watan Yulin 2025 gwamnatin Birtaniya ta sanar cewa za a hana ƙwayar dalma a Ingila da Scotland da Wales, har da ta harbin faifai, bayan wa'adin shekara uku, in ban da 'yan wasan da ke wakiltar ƙasa. A matsayina na mai aikin magani ba ni da ja a kan wannan. Na san abin da dalma ke yi wa jini da ƙwaƙwalwa, kuma ni kaɗai a zagaye ɗaya kilo 2.4 nake watsawa a gangaren nan. Abin da zai maye gurbinta ga yawancinmu ƙarfe ne. Ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, idan girmansu ɗaya nauyinsa kusan 7.8 ne a inda na dalma yake 11.3, saboda haka sai an ƙara girman ƙwaya kafin ta kai inda ake so da ƙarfinta. Ya kuma fi ta tauri, dole a sa shi a kofi don kada ya karce bututu, shi ya sa kamfanoni suka fara yin kofin da ke narkewa a ƙasa. Na sake cire bututuna na haska da tocila ina neman ɗan tambarin fure mai kai uku da ke nuna an gwada bindiga da ƙarfe mai ƙarfin matsi. Tawa ba ta da shi. Na kai ta wurin mai gyaran bindiga, ya auna bututun ya leƙa, ya ce lafiyarta ƙalau, za ta ɗauki ƙarfe na matsakaicin matsi, amma kada in sa zoben da ya wuce rabi, mai ƙarfin kuma in bar shi a shago.

Na sayi kwali uku na ƙarfe, iri uku, da sabon naɗin takarda. Filinmu yana da allon ƙarfe da ake shafa wa farin fenti a gwada harbi a kai, amma ƙwayar ƙarfe ba a harba ta a allon ƙarfe, dawowa take kan mai harbi. Na riga na yi magana da masu fili za su kafa mini katakon nan ranar Asabar da ƙarfe takwas, yaron kuma ya nemo jan alƙalaminsa.